Kazar Gwaggo Balaraba

Salamu alaikum 'yan uwa. Wata baiwar Allah ta rubuto a ƙasan rubutuna na jiya ta ce, "Wasila, ke da za a aura wa wanda kike so, me kuma ya rage miki na kuka?" Ban ba ta amsa ba, don ni ba gwanar magana ba ce. A aji biyar na firamare karatuna ya tsaya, rubutun nan ma sai na goge sau uku kafin in tura. Amma yau ga amsarta. Zan gaya muku abin da ya faru a gidanmu ranar Juma'a, saura kwana goma sha biyu ɗaurin aurena da Sa'ad, kuma zan faɗi abin da har ku na ɓoye wa.

Ga waɗanda suka shigo yanzu, gidanmu yana Ƙofar Kware, ni ce auta, shekarata ashirin da ɗaya. Sa'ad yana sayar da kayan gyaran Keke Napep a Gidan Igwai. Ni na zaɓe shi, shi ya zaɓe ni. Sau uku a rana saƙonsa yake shigowa wayata, kuma duk ukun abu ɗaya ne: "Amaryata, kin ci abinci?" Bai san babu tambayar da take kayar mini da gaba irin wannan ba.

Shekara biyar ke nan ina da wani hali. A gaban mutane loma uku nake yi in ce na ƙoshi. Idan na samu kaina ni kaɗai kuwa, sai wani abu ya taso mini daga ƙirji, in ci, in ci, ba na jin gishiri ba na jin zaƙi, hannuna yana kai wa baki tun ban haɗiye ta farko ba. Lokacin da nake cin nan ne kaɗai kaina yake yin shiru. Da na ga gindin kwano sai kunya ta rufe ni, sai tsoro, in ji kamar abincin yana zama ƙiba a jikina nan take. Daga nan sai bayi. In mayar da duk abin da na ci, in wanke fuska, in fito ina cewa daga yau na daina. Na faɗi wannan maganar ta fi sau dubu. Daga baya ne na ji masu aikin asibiti suna kiran abin bulimiya. A lokacin ban san yana da suna ba, na ɗauka ni kaɗai Allah ya yi haka a duniya.

Ya faro ne a shagon wata tela, ina shekara goma sha shida. Mun je awon anko mu bakwai. Ta zagaya ni da igiyar awo, ta ɗaga murya ta ce, "Wagga kam yadi huɗu bai isarta, sai an ƙaro." 'Yan matan suka kwashe da dariya, wata ta ce buhun gero. Su sun manta tun kafin mu hau kabu-kabu. Ni ban manta ba.

Inna, mahaifiyata, masa take toyawa ta sayarwa da safe. Duk wadda ta yi saura takan ɓace kafin Azahar. Sau uku Inna tana sayen maganin ɓera.

To ranar Litinin sai ga Gwaggo Balaraba, yayar Baba, ta sauko daga Mabera da ƙatuwar jaka da tukunyar ƙasa. Gyaran amare shi ne sana'arta. Doguwa ce, mai kauri, haƙorin Makka biyu, kuma Baba yakan ce idan ta yi raɗa a Mabera ana jinta a Ƙofar Kware. Ta kama damtsena ta murza kamar mai tayin akuya, sannan ta juya wajen Inna.

"Iyatu, wagga ɗiya kike shirin kai wa mutane? Amarya ba ta shiga ɗakin miji awa sillen kara. Kumatu dai sun cika, amma jikin babu komi. Ku ba ni kwana bakwai."

Ta shimfiɗa katifarta a ɗakina, kusa da jeren kwallayen gara da Inna ta cika da alkaki da nakiya da dubulan. Tun daga ranar ban sake zama ni kaɗai ba. Da safe kunun aya da gumba, da hantsi tsimi, da rana tuwo, ga dilka, ga turare. Kowane kwano a gabanta nake ci, idonta yana bin hannuna daga kwano zuwa baki. Ku da ba ku san abin ba, ba za ku gane yadda faifan tuwo yake zama kamar kotu ba. Idan Inna ta ce, "Ƙara mana, Auta," sai in ji haushi ya tokare ni, ranar Laraba har na ce mata, "Don Allah ku ƙyale ni, cikina ne ko naku?" Ni da ban taɓa ɗaga mata murya ba. Inna ta dube ni kawai, ta janye hannunta daga kwanon.

Sau biyu na samu na zame zuwa bayi, lokacin da Gwaggo ta tayar da salla. Na ɗauka ba ta lura ba.

Ranar Juma'a ce ranar kaza. Ga waɗanda ba su sani ba, kaza ce sukutum ake dafawa da itatuwan gyara, tun safe tana kan wuta har ruwan ya koma baƙi. Amarya kaɗai take ci, kuma sai ta cinye, ta shanye romon, ba a rage wa kowa. Bayan nan a lulluɓe ta a kan turare ta zauna awa guda ba motsi, wai don magani ya bi jiki.

Baba ya tafi masallaci, kuma na san sai bayan La'asar zai dawo don yana biyawa gaishe-gaishe. Gwaggo ta shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin rumfa, ta dire tukunyar a gabana. Ina sanye da tsohon zanen Inna, ɗaurin ƙirji, jikina duk kurkur. Wayata tana gefe, ta yi haske.

"Amaryata, kin ci abinci? Yau daga masallaci zan biyo, akwai maganar fentin ɗaki."

Gwaggo ta kife wayar. "Soyayya ta jira. Bisimilla."

Na yagi cinya. Lomar farko ta tsaya mini a maƙoshi, ɗacin itace, maiƙo yana bin yatsuna. Na tauna ta har ta zama ruwa.

"Ke, ba cingam anka ba ki ba. Haɗiye."

Na haɗiye. Ta biyu. Ta uku. A ta biyar ne abin ya farka. Wallahi na ji tasowarsa, na ce a raina, ba yanzu ba, ba a gabanta ba, amma ina. Hannuna ya daina jin maganata. Na yagi ƙirji, na yagi fiffike, romo yana gangarowa ta gwiwar hannuna. Sautin tabaryar maƙwabta ya ɗauke, zafin rana ya ɗauke, babu Sa'ad, babu biki, babu tela. Shiru kawai, mai daɗi.

"Yawwa! Hakanan aka so. Iyatu, taho ki ga ɗiyarki, ashe ta iya!"

Ta yi ta tafi tana dariya. Can sai na ji dariyar ta tsaya. Na ɗago, bakina cike, na ga tana kallona irin kallon da ake yi wa baƙon da ya shigo gida ba sallama. Tukunyar ta koma ƙashi da ɗan romo. Ban san ko minti goma an yi ba.

"Shanye," ta ce a hankali.

Na shanye. Ta zaunar da ni a kan kujerar turare, ta lulluɓe ni da bargo har wuya, ta zauna a gabana da carbi.

Jama'a, ban taɓa ganin awa mai tsawon wannan ba. Cikina ya yi tam, hayaƙi yana shiga hancina, gumi yana zuba. Ina jin kazar nan tana shiga damtsena, tana shiga cinyata, ina jin igiyar awon tela tana zagaya ni. Yadi huɗu bai isarta. Na fara karanta Ƙulhuwallahu, na kasa kai ƙarshe. Na ciji leɓe. Na ce bari in kai minti goma, bari in kai biyar.

"Gwaggo, fitsari."

"Riƙe shi."

"Gwaggo, don Allah."

"Na ce riƙe shi. Kazar ga ba ta banza ba ce."

Ban san lokacin da na yar da bargon ba. Kaskon turare ya kife, na tsallake garwashi ba takalmi, na faɗa bayi na turo ƙyaure.

Da na gama sai wannan sanyin ya sauko mini, wanda ba ya wuce minti biyu. Maƙoshina kamar an goga barkono. Na wanke baki, na buɗe ƙofa. Gwaggo tana tsaye a bakin ƙofar, Inna a bayanta riƙe da ludayi.

"Na uku ke nan," Gwaggo ta ce. "Talata, Alhamis, da yau. Kin aza in na kabbarta salla kunnena rufewa shike yi?"

"Maiƙon ne, Yaya," Inna ta ce. "Ba ta saba ba."

"Maiƙo? Shekara talatin ina ba amare kaza, ba wadda ta taɓa maido min ita." Ta kama haɓata ta juya fuskata ga rana. "Dubi kumatu. Dubi ido ya yi hwari. Dubi yadda ta hwaɗa wa kazar ga awa wadda anka saki daga kurkuku. Ga hushi ba dalili. Iyatu, ke ce uwa. Yaushe rabon ɗiyar ga da hwashin salla?"

Inna ta buɗe baki za ta ba da amsa, sai na ga leɓenta yana motsi, tana lissafi. A gidanmu tare muke salla ni da ita a ƙarƙashin rumfa, duk ranar da na yi fashi ta sani ba sai na faɗa ba. Al'adata kuwa ta daɗe tana yi mini haka, ta zo ta ɗauke, ban taɓa haɗa ta da halin nan nawa ba.

"Tun... tun kafin a kawo lefe," Inna ta ce. Ludayin ya faɗi daga hannunta. "Wata biyu."

"Innalillahi!" Gwaggo ta dafe ƙirji, muryar nan tata ta cika gidan. "Wata biyu ba hwashi, ga amai! Iyatu, ɗiyarki ciki gare ta! Ciki! Ni Balaraba, ina ta gyaran abin da anka riga anka ɓata!"

"Yaya, don girman Allah, maƙwabta. Mu shiga ɗaki."

Inna ta ja mu ciki ta sa sakata. Ni dai na durƙushe a gefen gado. Kun san ni, ko a aji malami ya tambaye ni sunana sai ya ce in maimaita. Na ce, "Wallahi ba haka ba ne," amma ni kaina da ƙyar na ji.

"To mi ne ne? Hwaɗi!"

Ku yarda da ni, a daidai lokacin nan na auna biyun a raina, kuma na ji kamar zargin cikin ya fi mini sauƙi. Shi ko ba komai mutane sun san shi. Wancan kuwa da wane baki zan faɗe shi?

Gwaggo ta ɗauki mayafinta. "Shi ke nan. Yau Juma'a, yaron shina zuwa. Bari ƙanena Illo shi dawo, a aza shi gabanai, shi gaya muna yadda anka yi. Daga nan in tahi gidansu in ga uwatai."

Sa'ad. Sa'ad da idan zai miƙo mini leda sai ya ajiye a kan benci don kada hannunmu ya haɗu. Shi za a durƙusar a gaban Baba, a je a faɗa wa mahaifiyarsa wannan magana.

Na tashi. Na je wajen jeren gara, na sauke kwallar sama, na sauke ta biyu, na jawo babbar, ta alkaki. Na buɗe. A sama alkaki ne jere gwanin kyau, yadda Inna ta shirya da hannunta. Na kwashe layi ɗaya na ajiye a kan gado. A ƙarƙashinsa babu alkaki. Tsummokara ne na cusa don ta yi kamar a cike, da ledojin biskit, da na cincin, da takardun balangu masu maiƙo. Na juye su a gabansu.

"Ni na cinye," na ce. "Cikin kwana huɗu, tun kafin Gwaggo ta zo. Masar ma ni ce, ba ɓera ba ne. Ina ci in amayar. Da gangan. Shekara biyar."

Na faɗa musu komai, kaina a ƙasa, murya can ciki, har sai da suka matso suka durƙusa kafin su ji. Na faɗi tela, na faɗi buhun gero.

Gwaggo ta zauna daɓas a kan katifa. "Mutum shi ci abinci don shi amayar? Da hannunai? Wagga ai iska ce, sai an yi ruƙiyya."

Inna ta juyo wurina. Ta kama hannuna na dama ta juya bayansa, inda fatar gaɓar yatsuna ta yi kanta. Ta taɓa tambayata, na ce ƙunar tandar masa ce. Ta shafa wurin da babban yatsanta.

"Ashe ɓeran da nike ta sa ma magani..." Ba ta ƙarasa ba. Ta jawo kaina ta ɗora a kafaɗarta, zanenta yana ƙamshin hayaƙi da man gyaɗa. "Shekara biyar, Auta, ina gidan ga. Gobe in sha Allahu asibiti za mu."

"Asibiti da kwana goma sha biyu ga biki?" Gwaggo ta ce. "A gan ku, a ce mi? A gode Allah ba ciki ba ne. Asibiti bayan biki. Alkaki ni ka sake yin wani. Ke kuma," ta nuna ni da carbi, "wagga magana nan ta mutu. Namiji bai auren mai lalura in ya sani. Ko ya tambaye ki, ki ce ciwon shawara ne ka damunki. Kin ji ko ba ki ji ba?"

"Na ji."

Na fita in kwashe garwashin da ya zube, sai na ga wayata a kife a kan tabarma. Na ɗaga. Saƙo biyu.

Na farko, ƙarfe biyu da rabi: "Amaryata, na iso, ina zaure. Kar ki yi sauri."

Na biyu, ƙarfe uku da minti biyar: "Wasila. Fito."

Na dubi zauren. Tsakaninsa da tsakar gidanmu labulen buhu ne kawai. Ƙarfe biyu da rabi ina cikin bayi. Ihun Gwaggo a tsakar gida aka yi shi. Maganata kuwa a ɗaki na yi ta, da sakata, da muryar da ko Inna sai da ta matso.

Na sa doguwar riga da hijabi ruwan toka, ko hoda ban shafa ba. Gwaggo ta biyo ni tana raɗa, "Shawara. Ki ce shawara."

Yana zaune a kan benci, farar shaddarsa ta Juma'a ta jiƙe da gumi a baya, hularsa a kan gwiwa. A gefensa ga ledar balangu, wadda yake kawo mini duk mako. Na durƙusa.

"Ina wuni."

Yana kallon ƙasa.

"Na so in tahi," ya ce. "Sau biyu ina kai bakin ƙohwa ina dawowa." Ya ɗago, idonsa ja. "Wasila, ni da ke da Allah mun san ko hannunki ban taɓa riƙawa ba. To na wa ne?"

"Ba ciki ba ne."

"To mi ne ne? Na ji amai. Na ji wata biyu. Daga nan ban ƙara jin komi ba."

A ƙasan labule ina ganin silifas ɗin Gwaggo, kore, da ɗan yatsanta mai lalle. Ta yi gyaran murya.

Shawara. Kalma ɗaya ce. Sa'ad mutum ne mai yarda, da na rantse zai karɓa, gobe ma ya zo mini da sassaƙe a leda. Sai na tuna ɗakin da yake maganar fentinsa, ciki da falo, bayi a jikin ɗaki. Ni da shi da kwano ɗaya, safe, rana, dare. Kin ci abinci, amaryata? Tsumma nawa zan cusa a ƙarƙashin wannan auren kafin wata rana ya ɗaga layin sama da kansa?

Na miƙa hannu na jawo ledar, na kwance ta. Ƙamshin yaji da albasa ya cika zauren.

"Shekara ɗaya da rabi kana kawo mini naman nan," na ce. "Ka taɓa ganin na ci a gabanka?"

Ya dubi ledar. "Na aza kunya ce."

"Kunya ce. Amma ba irin wadda kake tsammani ba." Na ɗora hannuna na dama a kan bencin, bayansa a sama, inda zai ga kantar. "Zan gaya maka inda naman yake zuwa. In na gama, in ka ga za ka tafi, ba zan riƙe ka ba."

Gwaggo ta ɗaga labule.

"Ke Wasila! Taho, Innarki na kira. Sa'adu, yi haƙuri, zazzaɓin shawara ne ka sa ta sambatu."

Sa'ad bai tashi ba. Ya sunkuyar da kai cikin ladabi, ya ce, "Gwaggo, na ji naki tun ɗazu. Don Allah a bari in ji nata."

Ya ajiye hularsa a gefe, ya juyo gaba ɗaya ya fuskance ni. Babu murmushi a fuskarsa, kuma ban iya karanta abin da yake cikinta ba.

"Ina jin ki."

A bayan Gwaggo na hango Inna tsaye, hannunta a kan baki. Ta gyaɗa mini kai sau ɗaya.

Na ce bisimilla a raina, na buɗe baki. Kuma a karo na farko tun da aka haife ni a gidan nan, muryata ta kai har tsakar gida.